Ranar da Na Ɗaure Jirgi a Turke

Jiya da hantsi na ji tifa tana juye ƙasa a bayan gidanmu, sai na lallaɓa da sandata na je in gani da idona. Ɗan guntun kududdufin da ya rage ne suke cikewa. An ce shaguna za a yi, hawa biyu, masu sayar da waya a ƙasa, masu ɗinki a sama. Na tsaya ina kallo har mai kula da aikin ya ce, "Baba, matsa baya kada ƙasa ta zubo maka." Na matsa. To me zan ce masa? In na gaya masa a daidai inda tayar motar nan take na taɓa nutsar da jirgin ruwa, cewa zai yi tsufa ya fara taɓa min kai. Ba ni kuma da wanda zan kira ya shaide ni, domin duk waɗanda suka ga abin sun riga ni kwanciya, har da mai ɗakina. Na dawo zaure na zauna ni kaɗai, abin yana raina har la'asar.

Yaran yanzu suna tsammanin kududdufi rami ne na zuba shara. A zamaninmu, tun Turawa ba su tafi ba, wannan na bayan unguwarmu ta wajen Ƙofar Ɗan Agundi yana da faɗin da in mutum ya tsaya a wancan gefen sai ka ɗaga murya sosai kafin ya ji sallamarka. Kuma hannun mutane ne ya haƙa shi. Duk katangar da ke unguwar, duk soro da zaure, daga cikinsa aka ɗebo su, kakanni suna haƙa, jikoki suna haƙa, har ya yi zurfin da ba ya ƙafewa ko da rani. Da safe za ka ji ƙarar wanki a kan dutse, da agwagi, da dakan turmi daga gidajen da ke bakin ruwan. Da damina kuwa kwaɗi ba sa barin kowa ya yi hira cikin sirri. Kainuwa ta rufe gefe ɗaya, bado ya buɗe a ɗaya gefen, balbela na tsaye tana jiran rabonta. Wari kam akwai shi, ba zan yi wa kowa ƙarya ba, amma na fi son sa da hayaƙin janareton da nake shaƙa yanzu. A bakin ruwan nan na koyi sana'ata a hannun Kawu, wan mahaifiyata, magini ne. Mu kwaɓa ƙasa da ƙafa, mu zuba ciyawa, mu mulmula tubali mu jera a rana, shi kuma yana tsaye yana ta faɗa ko an yi daidai ko ba a yi ba.

Kawu ne ya riƙe ni, saboda mahaifina ya tafi aikin hajji a ƙasa ina ɗan shekara huɗu. Haka ake yi a lokacin, mutum ya kama hanyar gabas, in guzuri ya ƙare ya tsaya ya yi noma ko dako, in ya samu ya ƙara gaba. Wasu shekara uku, wasu bakwai, wasu sai dai addu'a. Inna ta jira shi har ciwo ya ɗauke ta ina shekara goma. Daga nan na daina tambaya. Na girma, na fara gemu, har ana maganar yi min aure, sai wata rana da rani ina tsakiyar kwaɓi, taɓo har gwiwa, aka ce in zo gida ubana ya dawo. Shekara goma sha bakwai ke nan.

Na tarar da wani siririn mutum baƙi wuluk a zaure, tafin hannunsa duk kanta, in ya miƙe tsaye sai ya buɗe ƙafafu kamar ƙasa za ta kayar da shi. Hausarsa ta cakuɗe da Larabci. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kallon bango. Ni ne ɗan farinsa, kuma bai manta da kunyar ɗan fari ba duk da nisan da ya yi, ba ya kama sunana, ba ya haɗa ido da ni a gaban mutane. Da ya ga taɓo a ƙafata sai ya ce, "Ashe magini aka yi." Shi ke nan sunan ya bi ni a bakinsa, Magini. Na ji daɗin sunan nan fiye da yadda zan iya faɗa, na kuma ji haushin kaina da na ji daɗin.

A ranar, gaban dattawan unguwa, ya ba da labarinsa bai ɓoye komai ba. A Sawakin, bakin Bahar Maliya, guzurinsa ya yanke, sai ya shiga aikin jiragen katako masu tafiya da iska, waɗanda ke ƙetarar da alhazai da kaya zuwa Jidda. Ya sauke farali, ya dawo cikin jirgi, shekara ta bi shekara. Ya yi aure a can, yana da 'ya mace 'yar shekara bakwai. Ya zo ne ya ga danginsa, ya ziyarci kabarin Inna, ya yi damina ɗaya, in hanya ta bushe ya koma.

Kawu ya ce, "Ka koma? Alhaji, ashe baƙunta ka zo yi mana. Da ka faɗa da wuri ai da mun yanka maka kaza mun sallame ka tun daga ƙofar gari."

Baba ya sunkuyar da kai. Ni kuwa tun daga wannan zama na ƙudurta a raina cewa mutumin nan ba zai sake fita daga garin nan ba.

Zaman zaure bai karɓe shi ba. Ya ce katangu sun yi masa kusa da ido. Kullum in an idar da sallar asuba sai ya tafi bakin kududdufi ya zauna yana kallon ruwa. Ana nan sai ya fara tara katakon akwatunan kaya daga wajen 'yan kanti, ya samo ƙusa, da kwalta, da auduga ta toshe tsaga. Da aka gane abin da yake yi, unguwa ta samu abin hira. Mata suna leƙe ta kan katanga, masu wucewa da jakai suna tsayawa su yi dariya su wuce. Kawu ya ce masa, "Alhaji, in an gama sai ka fara jigilar kwaɗi zuwa Makka, na ga suna da niyya." Ni kunya ta kama ni ƙwarai, na yi kwanaki ina zagayawa ta wani lungu don kada a ce ga ɗan mai jirgi. Amma ranar da ya rasa wanda zai riƙe masa katako ya buga ƙusa, ya ɗaga kai ya ce, "Magini, ara min hannunka," sai na ga na yar da abin da ke hannuna na tafi da gudu.

Bayan ruwan farko ya sauka muka tura shi ruwa. Ɗan ƙarami ne, mutum uku ya cika shi. Ya kafa masa gwangwala a tsakiya, ya ɗaura ƙyallen akoko da ya ɗinka da hannunsa. Iska ta hura ƙyallen ya kumbura, jirgin ya zame ya nufi tsakiya babu mai turawa, sai duk masu dariyar nan suka yi tsit, wata tsohuwa ta hau salati. Ni ina ciki na ƙanƙame gefe da hannu biyu, ni da nake hawa kan soro mai tsawo ina tafiya a bakin katanga ban taɓa jin jiri ba. Baba kuwa sai ya zama wani mutum dabam. Ya yi dariya har na ga giɓinsa. A cikin jirgin nan ne kawai yake kallon idona, don babu kowa sai ni da shi da ruwa.

A nan yake min magana. Ya ce in lura, iska ba ta tambayar inda mutum yake son zuwa, kuma babu wanda ya taɓa kiranta ta zo. Abin da ke hannun bawa shi ne ya gyara ƙyallensa ya zauna a shirye. Ya ce sun taɓa yin kwana tara a tsakiyar teku babu ko iskar da za ta kaɗa gashin ido, ruwan sha yana ƙarewa, a nan ya san bambancin mai cewa ya dogara ga Allah da wanda ya dogara ɗin. In mun kai tsakiya sai ya sauke ƙyalle, ya yi bismilla ya jefa wani tsohon dutsen niƙa da ya ɗaure da igiyar rama, shi ne a madadin ƙarfen da suke kira anga. Ya ce, "Ka gani, ba ka ganinsa. Yana can ƙasa cikin duhu. Da jan igiya kawai za ka san yana riƙe da kai. Haka sallar mutum take." Ni dai abin da na lura da shi, igiyar ta yi tsawo fiye da kima, jirgin yana ta yawo a kanta hagu da dama. A raina na ce wannan ɓarnar igiya ce, Baba bai iya ɗauri ba.

Yadda nake ƙara sabawa da shi, haka damina take ƙara tafiya, tsoro yana ƙara cina. Yana da wata jakar fata da yake ajiye takardar tafiyarsa a ciki, mai hotonsa da tambarin hukuma, wadda in babu ita ba zai wuce iyaka ba. Wata rana bangon ɗakinsa ya tsage, aka ce in gyara. Yana bakin ruwa. Na zaro takardar, na naɗe ta na tura a gwangwani, na rufe bakin da ƙyalle, na cusa a cikin tsagar bangon na bi da yaɓe na shafe sumul. Dabarar magini ke nan, ba ni da wata. Ranar Juma'a da ya fito da kayansa shan iska saboda gara, ya ga babu. Ya zazzage jakar, ya ɗaga tabarma, ya duba cikin tukwane, wuni guda. Ya tambayi mutanen gida, ni bai tambaye ni ba. Washegari ya daina nema. Sai dai abincinsa ya ragu, dariyar cikin jirgi ta ɗauke, wani lokaci ya tuna 'yarsa ya ce, "Yanzu war haka tana can ta ɗebo wa uwarta ruwa." Ina ji ina gani na ƙeƙashe zuciyata, na ce zai saba.

Cikin marka zazzaɓi ya kwantar da shi. Ranar nan bayan azahar gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara kwashe shanya, mata suna kiran yara suna koro awaki. Daga kwance ya ce, "Magini, je ka duba jirgin nan." Na ruga. Na same shi nesa kaɗan da gaɓa inda Baba ya saba barinsa, yana ta lilo a kan doguwar igiyarsa, iska tana wasa da shi. Na ce yau zan nuna wa Baba aiki. Na shiga ruwa har ƙirji na ciro dutsen, na jawo jirgin bakin gaɓa. Na samo turke mai kauri na kafa shi daidai bakin ruwa, na buga da dutse har ya kusa shigewa, na ɗaure hancin jirgin a jikinsa gam, ɗauri uku, ban bar ko taƙi ɗaya na igiya ba. Haka muke ɗaure jakin Kawu mai tsinke igiya, kuma bai taɓa kuɓucewa daga hannuna ba. Na girgiza jirgin na ji ko motsi ba ya yi, na koma gida ina jin kaina.

Aka yi ruwa irin wanda ake ba da labari. Indararo suna ta ambaliya, lunguna suka zama rafi, kuma duk ruwan unguwar nan da na maƙwabtanta kududdufin yake gangarawa. Bai tsagaita ba sai wajen magariba, sannan ya ci gaba da yayyafi. Da gari ya waye Baba ya ji dama-dama, ya yafa bargo muka fita tare. Ruwa ya hau har gindin katangar gidajen baki. Turkena ya nutse ba a ganinsa. Jirgi kuma babu, sai kan gwangwala kaɗai a karkace, da gutsuren duwawunsa a sama, hancin yana can ƙasa inda na ɗaure shi.

Baba ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Magini, jaki ka ɗaure ko jirgi?"

Na ce, "Baba, tsoro na ji kada ruwa ya tafi da shi."

"Ya tafi da shi ina? Jidda?" Ya ɗan murmusa, ya tsuguna don ƙafarsa ba ta da ƙarfi. "Ƙasa ba ta tashi da jaki, shi ya sa gajeriyar igiya take riƙe shi. Ruwa kuwa tashi yake yi, in ya tashi dole jirgi ya tashi tare da shi. Kai ka riƙe masa hanci, ruwa ya ɗaga sauran jikin, me kake so ya yi in ba ya sha ba? Mu a teku in hadari ya taso ba ma janye igiya, ƙara sakinta muke yi. Sabon shiga yakan ga kamar sakaci ne. Ni ma na sha mari a kan haka." Ya ja bargonsa ya rufe kafaɗa. "Abin da Allah ya ba ka, ka riƙe shi, ban ce ka sake ba. Amma ka bar masa inda zai motsa, don ba kai ke da ruwan ba."

Na tsaya ina kallon gwangwalar. Can sai ya ce, a hankali, ba tare da ya juyo ba, "Yaɓen nan da ka yi a ɗakina ya yi kyau. Duk ruwan jiya bai tsage ba."

Ashe ya sani tun ranar da ya daina nema, wata guda yana kwana yana tashi yana kallon wurin. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba, ni da ban taɓa mayar wa babba magana ba. Na ce, "Baba, ni ma ɗa ne. Shekara goma sha bakwai ina jin yara suna cewa babana ya ce, babana ya saya min. Inna ta rasu tana tambaya ko an ji labarinka. Yanzu da na san muryarka kuma sai ka tafi?"

Ya ce, "Gaskiyarka. Ba ni da abin da zan kare kaina da shi a gabanka, ko a gaban Allah, sai dai ka yafe min. Amma kai ka yi gemu, kana da sana'a a hannu, kana da Kawunka. Ita shekararta bakwai, uwarta ba ta da lafiya, ba su da kowa a ƙasar nan. Na ce mata damina ɗaya zan yi. Na taɓa barin yaro ɗan shekara huɗu yana jirana a bakin ƙofa. So kake in sake yi?"

Na koma gida na ɗauki gatari na fasa yaɓen da hannuna, na ciro gwangwanin na ajiye masa a kan tabarma. Kawu ya shigo ya ga ramin, ya ga takardar, ya dube ni, karo na farko a rayuwata da ya ga ɓarna a bango bai yi faɗa ba. Jirgin kuwa da ruwa ya ja baya mun ciro shi, amma katakon ya buɗe, Baba ya ce a bar shi. Mata suka ƙarasa shi a murhu.

Da kaka ta yi, hanya ta bushe, na ɗaukar masa jakarsa muka fita ta Ƙofar Wambai zuwa inda manyan motocin gabas suke lodi. Ya hau saman kaya ya zauna. Ya ce in riƙe salla, in bi Kawu, in Allah ya yarda zai dawo da yarinyar in ta yi wayo. Motar ta tashi. Na tsaya ina jira ya waiwayo, bai waiwayo ba har suka sha kwana.

Wannan rashin waiwayen shi na riƙe a zuciyata shekara da shekaru, kuma ba zan ce na riƙe shi da kyakkyawar niyya ba. Wasiƙa biyu ta zo a hannun alhazai, sannan shiru, sannan bayan shekara tara aka aiko cewa ya rasu a Sawakin. Na yi masa addu'a kamar yadda ya wajaba, na yi sadaka, amma a can ƙasan raina ina cewa na saki igiya kamar yadda ya koya min, ga shi abin da na samu. Na yi aure, na haifi 'ya'ya, na gina gidajen da yanzu ake rushewa ana zuba siminti. In 'ya'yana suka tashi tafiya neman abinci Legas ko wata ƙasa, ban taɓa hana ko ɗaya ba, har mutane suna yaba min haƙuri. Ba su san in na raka su na dawo ba na iya cin abinci.

Sai da furfura ta cika min kai Allah ya kira ni Makka, a jirgin sama, tekun da Baba ya ba rabin rayuwarsa na ƙetare shi kafin in gama shan shayi. Muna masauki bayan Arfa aka ce wata mata tana nemana. Dattijuwa ce, da ɗanta yana riƙe da hannunta, Hausarta a karye. Ta ce aure ya kawo ta Jidda, kuma duk shekara sai ta bi masaukin Kanawa tana tambayar wani magini daga wajen Ɗan Agundi wanda ubansa ya yi jirgi a kududdufi. Tana buɗe baki na ga giɓi irin na Baba. Ta ce, "Yaya," sai muka zauna a ƙasa mu biyu muna kuka, mutane suna ratsa mu suna wucewa.

Da muka natsu na tambaye ta abin da ya daɗe yana cina. Na ce, "Ya taɓa maganata kuwa?"

Ta ce ba ya yawan magana. Ciwon uwarta ya ja shekaru, da ta rasu kuma ƙafafunsa sun riga sun mutu, ba ya iya doguwar tafiya. Amma akwai abin da duk unguwarsu ta san shi da shi. A Sawakin in ka fuskanci alƙibla teku ne a gabanka. Shi kuwa kullum in ya sallame sallar asuba a ƙofar gida, sai ya juya gaba ɗaya ya ba teku baya, ya fuskanci yamma, inda babu komai sai busassun duwatsu, ya zauna yana jan carbi har rana ta fito ta dake shi a ƙeya. Ko da ya kasa tashi, sai ya sa ta juya shi. Abokan aikinsa suna tsokanarsa, suna cewa mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a ruwa me ya gani a tudu.

Na ce, "Shi kuma me yake ce musu?"

Ta ce, "Cewa yake, ina da ɗa a can, ya san ina nan."

Ban sani ba. Wallahi ban sani ba, sai ranar.